Wanga Hannu Ba Nau Na Ba

Sakan huɗu kacal na nuna wa Baba a ranar, amma kwana tara na yi ina zana su. Takarda 48 ce, kowace ɗauke da hannu riƙe da basilla, yana huda jar fata yana jan zare. Na same shi a zaure bayan la'asar, ya miƙe ƙafa a kan buzu, wata zabira da bai gama ba tana bisa cinyarsa. Na durƙusa na gaishe shi, sannan na miƙa masa wayar. Ya goge tafinsa a jikin riga, ya karɓa, ya ɗan nisanta ta da fuska kamar yadda yake yi in zai duba takardar kuɗi. Hoton ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa. Ni kuwa gabana sai faɗuwa yake yi.

Ya ce, "Hannun wa na wanga?"

Na ce, "Naka na, Baba."

Ya girgiza kai. "Wanga hannu ba nau na ba. Mai hannun ga bai taɓa ɗunka hwata ba."

Ya miƙo mini wayata, ya ɗauki zabirarsa ya ci gaba da aiki. Ba da faɗa ya yi maganar ba, ba kuma don ya karya mini gwiwa ba. Abin da ya gani ya faɗa. Amma a daren nan ban runtsa ba, domin na san na auna kowane yatsa, na zana jijiyoyin bayan hannun, na zana har tabon wuƙa da ke gindin babban yatsansa. To me ya rage? Wannan a ƙarshen 2021 ne, kuma sai da na shafe shekara uku a kan fim ɗin zanen hannu da nake yi kafin in ji na sauke nauyin wannan magana.

A shiyar Madunka aka haife ni, cikin tsohon garin Sakkwato, gidanmu kuma gidan dukawa ne kaka da kakanni. Wanda ya san garin nan ya san matsayin jar akuya a wurinmu. Fatarta ce fatake suka riƙa labta wa raƙuma suna ƙetara Sahara da ita, ta isa Maroko, daga can ta shiga Turai, inda ake yi wa manyan littattafai bango da ita ana ce mata fatar Maroko, alhali a ƙasar Hausa aka jeme ta. Na taso cikin warin bagaruwa da man gyaɗa, da jan karan dafi da ba ya barin farcen Baba ko ranar Salla. Yayyena biyu sun gaji sana'ar. Ni kuwa tun ina ƙarami na guje wa basilla. A makarantar allo, abin da ke tsayar da ni shi ne zayyanar da ake yi wa allon mai sauka. Sai in tsuguna kusa da mai yin ta har a aiko nemana. Da na shiga boko, wani ɗan ajinmu ya nuna mini cewa in ka zana ƙwallo a kusurwar kowane shafi, kana ɗan matsar da ita, ka danne littafin da babban yatsa ka saki shafukan, sai ka ga tana tsalle. Tun daga ranar babu littafina da kusurwarsa ta tsira. Da yamma kuma mu cika ɗakin maƙwabta muna jiran a saka katun a NTA, ba ma jin Turancin, motsin muke kallo.

Na yi karatun koyarwa, na samu aji a wata firamare, da dare ina taya wani abokina aiki a shagonsa na fotokwafi. Zane ya koma abin da nake yi wa yara a allon aji. Sai a watan Maris na 2020, da aka rufe makarantu saboda korona, na samu kaina da wuni cur babu abin yi. Na sauke FlipaClip, manhajar zanen katun, a waya ina zane da yatsa, ina bin darussa a YouTube da tsakar dare, lokacin da data ke da sauƙi. A nan na fara sanin lissafin abin. Fim yana wuce hoto 24 a kowane sakan. Masu zanen hannu yawanci sukan bar kowane zane ya tsaya sau biyu, wato zane 12 ke nan a sakan guda. Minti ɗaya 720. Minti shida, wanda shi na sa a gaba daga baya, 4,320 ne in ba a maimaita komai ba. Da na rubuta wannan adadi sai na daɗe ina kallonsa. Rim ɗin takarda guda 500 yake ɗauke da shi. Na ga rim tara jere a gabana, kuma kowace takarda sai hannu ya bi ta kanta.

Abin da ya hana ni ja da baya wani mutum ne da ban taɓa jin sunansa ba sai a lokacin. Mustafa Alasan, ɗan Nijar. An haife shi a 1942, ya fara da kanikanci, yana yi wa mutane wasan inuwa da fitila, daga baya ya je Kanada ya ƙaro sani. A 1966 ya yi wani gajeren fim na zanen hannu a kan shugaban ƙasar kwaɗi da ya tafi ziyara. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa yana aikinsa, ya rasu a 2015. Tawa fa! Ka hau mota a Sakkwato zuwa Illela, ka ƙetara Birnin Ƙonni, ka miƙa arewa, ka isa. Mutanen da muke ciniki da su, muke auratayya da su. Ni ina nan ina zaton wannan aiki sai Amurka ko Japan, ashe maƙwabcinmu ya yi shi tun kafin a haifi yayyena, cikin zafi irin namu da ƙura irin tamu. Na kalli kwaɗin nan nasa ban san adadi ba. Layukan suna rawa, takardar ba ta da tsabta sosai, amma rai na cikinsu.

Kafin in yi nisa sai maganar da ta fi kowace nauyi ta taso. Kawu, ƙanen Inna, ya leƙo ɗakina ya ga zane-zanen mutane da dabbobi manne a bango. Ya tsaya bakin ƙofa bai shigo ba. Ya ce, "Kai ɗan ga, mai rai kaka zanawa? Ba ka ji abin da anka ce kan masu surantawa ba?" Na sunkuyar da kai na ce na ji, Kawu. Kuma lallai na ji. Ba na cikin masu ɗaukar irin wannan magana a matsayin rashin wayewa. Hadisan suna nan, kuma mutumin da ya yi mini ita don tsoron makomata ya yi. Wata biyu ban taɓa fensir ba.

Daga ƙarshe na je wurin malamin da muke ɗaukar karatun fiƙihu a zaurensa. Na bari ɗalibai suka watse, na matsa na ce, "Allah gafarta Malam, ina da tambaya." Ya saurare ni har na gama. Sai ya warware mini: a wurin malaman Malikiyya, abin da ba a saɓa ba kan haramcinsa shi ne surar mai rai cikakkiya wadda ke da inuwa, irin gunki ko mutum-mutumi. Wadda aka zana a shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, ba ta da inuwa, sun sanya ta a babin karhanci ko abin da barinsa ya fi. Idan kuma surar ba cikakkiya ba ce, hukuncin ya ƙara sauƙi. Ya ambaci 'yan tsanan da Nana A'isha take wasa da su. Amma ya ɗaga yatsa ya ce akwai manyan malamai da suka tsananta suka hana duka, kada in kuskura in raina su ko in raina Kawu. Ya ce in duba niyyata, in duba abin da zan sa a idon yara.

Na kawo wa Baba maganar duka, na kuma gaya masa sana'arsa nake so in zana. Ya yi shiru tsawon lokaci, sannan ya ce, "Zana abin da kaka so, amma kak ka zana huskata." Wannan sharaɗi shi ya haifi fim ɗin. Na yanke cewa babu fuskar kowa a ciki, hannaye kawai. Hannun dillali yana shafa gadon bayan akuya a Kara, kasuwar dabbobi. Hannun mahauci yana fiɗa. Hannun majemi cikin kwatarniya. Hannun Baba daga yanka har ɗinki. A ƙarshe hannun wata tsohuwa tana ɗaure bakin zabirar. Babu magana ko ɗaya.

Kayan aikina duk a nan garin aka haɗa su. Wani kafinta ya yi mini akwati mai gangare, na ɗora gilashin taga a sama, na sa fitila mai caji a ciki, don in ina zana sabuwar takarda in riƙa hango wadda ke ƙarƙashinta. Abin da ya fi wahala shi ne kowace takarda ta zauna daidai inda 'yar uwarta ta zauna, domin ko kaurin zare aka kauce, hoton zai riƙa karkarwa. Na samo abin huda takarda na ofis, na kafa ƙusa biyu a katako daidai da ramukansa, na goge kawunansu. Bayan 'yan makonni na lura ramukan suna buɗewa saboda yawan cirewa da mayarwa, sai na koma manna salatif a wurin kafin in huda. Takarda mai nauyin giram 80 ba ta bari ka hango fiye da uku a jere. Mai 70 ta fi, in an same ta. Na koyi saƙala takardu tsakanin yatsun hagu ina kaɗa su gaba da baya, in ga motsin kafin ya kai ga kwamfuta. Da waɗannan kayan na yi zane 48 ɗin da Baba ya ce ba hannunsa ba ne.

Da farko na ɗauka mafita ita ce in ɗauke shi bidiyo in kwafa. Ya yarda, amma da zarar ya san waya na kallonsa sai ya gyara zama, ya riƙa aiki a tsanake kamar mai nuna wa baƙo. Wannan ba shi ne ɗinkin da na taso ina gani ba. Sai na ajiye wayar na koma zama gefensa kullum bayan na taso makaranta, da littafi a cinya. Na yi kusan mako biyu ina kallo ina zane. Ran nan, ba tare da ya ɗago ba, ya turo mini wani guntun fata da tsohuwar basilla. Ya ce, "Kallo ba ya isa. Karɓi, huda."

Rabona da riƙe basilla tun ina ɗan shekara goma. Na dafa da yatsu na tura, ta ƙi. Na ƙara ƙarfi, ta zarce ta soke ni a ɗan ali na hagu. Baba ya kama wuyan hannuna ya juya shi, ya zaunar da ƙotar a tsakiyar tafina. A nan na fara gane kuskurena. Ƙarfin ba daga yatsu yake fitowa ba, daga gindin tafi ne, har kafaɗa tana sa hannu. Hannun hagu kuma da na zana a sake kamar mai riƙe faranti, ashe shi ne ke aikin ɓoye: yana ƙarƙashin fatar yana lalubar inda tsinin zai ɓullo, ya kauce masa a daidai lokacin. Sannan fata ba ta buɗewa a hankali. Turjewa take yi, ta turje, sai ta saki gaba ɗaya. Zaren ma ja biyu ake yi masa, dogo guda, sai wani gajere mai kaifi wanda shi ke zaunar da ɗinkin.

Ni kuwa a zanena na raba tafiyar basillar daidai wa daida, kowace takarda na matsar da ita gwargwadon wadda ta gabata. Keken ɗinki ne ke tafiya haka, ba mutum ba. A wannan aiki tazarar da ke tsakanin zane da zane ita ce komai. In ka matso da su kusa da juna, motsin zai yi nauyi ya tafi a hankali. In ka wara su, zai fizga. Na sake zama. Na ba lalube zane bakwai da ƙyar ake ganin bambancinsu. Na tsayar da hannun cak na kusan rabin sakan, tsokar gindin babban yatsa kawai ke kumbura. Hudar kanta zane biyu na ba ta. Jan zare na farko shida, na biyu kuma biyu, da ɗan komawa baya kaɗan a ƙarshe kamar yadda hannu ke yi in ya saki abu mai tauri.

Na sake kai masa. Ya kalla sau uku. Bai ce nasa ne ba, bai ce ba nasa ba ne. Cewa ya yi, "Ɗunkin ga ya yi kusa da baki, za ya yage." Sai da na fito waje na jingina da bango, idona ya ciko. Ya daina ganin zane, ɗinki yake gani har yana gyara shi.

Daga ranar tsarin aikina ya canza. Duk abin da zan zana sai na fara yin sa da hannuna. Na je majema na tsoma hannu cikin ruwan toka, na kankare gashi da wuƙa, na cuɗa fata a ruwan bagaruwa har tafina ya yi baƙi-baƙi. Na shafa man gyaɗa, na ja fata a kan itace har ta yi laushi. Majeman suka riƙa tambayata ko malanta ce ta ƙi ni. Sana'ar da na guje wa tun ƙuruciya, ta bayan gida fensir ya dawo da ni cikinta. Har zabira guda na ɗinka daga farko zuwa ƙarshe, tana nan nake zuba fensirori.

Yanayin Sakkwato kuwa bai bar ni na manta da shi ba ko kwana ɗaya. A bazara, watannin Afrilu da Mayu, zafi na haura digiri 40, ga fitila a ƙarƙashin gilashi tana ƙara nata. Gumi ɗigo ɗaya ya ishi ya lalata aikin awa guda, gefen hannu kuma yana jan baƙin fensir yana shafe takarda. Na yanke tsohuwar safa na riƙa sa wa a hannu, na mai da lokacin zane daga bayan asuba zuwa shirin makaranta, sai kuma tsakar dare. Da hunturu takarda ke bushewa ta lanƙwashe, ƙura ta kwanta a kan gilashin, yatsu su tsage. A rana mai kyau nakan yi zane goma sha biyu, wato sakan ɗaya. Akwai ranakun da uku kawai nake samu.

Amma duk wannan bai kai abin da daminar 2022 ta yi mini ba. Ina jera zanen da na gama a cikin kwalaye, na jingina su da bango a kusurwar ɗaki. Sashen majema, wanda ya fi kowane ba ni wahala saboda ruwa da ke cikinsa, yana kwalin ƙasa. Wata safiya na ɗaga kwalin sai gindinsa ya zauna a ƙasa. Gara. Ta shigo ta bango ta gina hanyoyinta a tsakiyar takardun, ta bar gefuna lafiya lau, ta cinye ciki. Na riƙa ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ina ganin rabin yatsa, rabin kwatarniya, sauran ƙasa ce ja. Sama da ɗari uku, aikin wata uku, kuma ban kai ga ɗaukarsu a na'ura ba. Na zauna a ƙasa ina maimaita Innalillahi. Inna ce ta shigo ta same ni haka. Ita ce dama take yawan ce mini tsarana suna tara kuɗin aure ni ina tara takarda, na san kuma damuwa ce ke sa ta faɗa. Ba ta ce komai ba ta fita. Can sai ga ta tana jan akwatinta na ƙarfe, wanda ta zo da shi gidan Baba, ta kwashe zannuwanta daga ciki. Ta ce, "Zuba sauran nan. Gara ba ta cin ƙarhe." Da na sake zana sashen, ya fi na farko kyau, amma ba zan ce na ji daɗin hanyar da aka bi ba.

Shekarar 2023 ta zo da nata. A farkonta takardar kuɗi ta ɓace saboda canjin naira, a ƙarshen Mayu aka cire tallafin mai, komai ya tashi har da takarda. Na koma tsintar waɗanda suka lalace a shagon abokina, ina gwajin farko a bayansu, ko da yake rubutun ɗaya gefen yana bayyana a kan haske yana rikita ido. Sabuwar takarda sai zanen ƙarshe. Abokin nan nawa, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ba ni makullin shago. In an kawo wuta da dare sai in tafi da ƙanwata, ita tana miƙo takardu bisa lamba tana mayarwa, ni ina sa wa a sikana. Ita ce ta gano cewa na tsallake lamba a wurare biyu. Na haɗa komai a OpenToonz, manhajar da aka sake ta kyauta a 2016, wadda asalinta kamfanin Ghibli na Japan ya daɗe yana aiki da ita. Tsohuwar kwamfutata takan ɗauki zafi ta mutu, sai na ɗora ta a kan bulo biyu don iska ta ratsa.

Launi kuwa daga zauren Baba na ɗebo shi. Na gwada launukan kwamfuta, jan ya fito kamar na ledar shago. Sai na jiƙa karan dafi na shafa a farar takarda, na yi haka da gangamau don rawaya, da kuloko don baƙi, da tawadar allo mai ƙaro. Na ɗauke su a sikana, su na shimfiɗa a ƙarƙashin layukan fensir. Jan da ke cikin fim ɗin, jan da ke farcen Baba ne. Sauti ma da waya na ɗauka: kukan awaki a Kara, ruwa na zuba daga fata, ƙarar almakashi. Ƙarar hudar basilla ta fi ba ni wuya don siririya ce, janaretocin maƙwabta suna danne ta. Sai bayan sallar asuba na samu, na lulluɓe kaina da wayar da bargo. A wani ɗaukar, ban sani ba ashe salatin da Baba ke yi ƙasa-ƙasa in yana aiki ya shiga. Na nemi izininsa na bar shi.

Ba zan ɓoye ba, ban samu ko kwabo daga wannan fim ba. Wani mai kamfani ya ga wani yanki ya ce zai saya in na sa fuskoki da kiɗa na mai da shi talla. Na ba shi haƙuri, domin alƙawari na yi wa Baba. Wasu kuma, da kyakkyawar niyya, suna ce mini yanzu akwai manhajar da za ka rubuta mata abin da kake so ta fito maka da shi cikin minti biyar. Ba na gaba da na'ura, da ita na haɗa aikina. Amma na san abin da za ta ba ni: hannu mai kyau riƙe da basilla, irin wanda na kai wa Baba a ranar farko.

Na gama a ƙarshen 2024. Zanen da suka shiga sun ɗan haura dubu uku, saboda wuraren tsayawa da waɗanda ake maimaitawa. Kafin in sa shi a intanet na ce sai masu shi sun fara gani. Na aro majigi, muka ɗaura farin zanin gado a bangon ƙofar gida bayan isha'i, aka shimfiɗa tabarmi. Dukawan shiyarmu suka zo, da majema uku, da yara ba adadi. Mata suna leƙe daga soro. Kawu ma ya zo, ya zauna can gefe da carbinsa; da aka tashi ya ce mini ya ga na kiyaye, bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Minti shidan nan ban kalli zanin ba, mutane nake kallo. Da hannun dillali ya matsa gadon bayan akuya, wani ya ce, "Wagga ta yi ƙiba!" Da aka zo majema, wani dattijo cikinsu ya nuna da sanda ya ce wuƙar ta yi tsaye da yawa, wanda ya riƙe ta haka zai huda fatar mutane. Gaskiyarsa, na kuma rubuta don in gyara.

Sai aka zo kan ɗinki. Akwai wani wuri da hannun dama ke ɗaga basilla ya fita daga hoton ta sama, ya ɗan jima, ya dawo ya huda. Baba ya ɗaga murya ya ce, "Tsaya. Ina hannun ga yat tahi?"

Na tsayar. Na ce, "Bayan kunnenka, Baba. Kana goga tsinin ga sumarka kahin ka huda wuri mai kauri."

Ya ce, "Ni? Ba ni yin haka."

Yayyena suka haɗa baki suka ce wallahi kullum sai ya yi. Abokinsa da ke gefensa ya ce tun suna samari yake yi. Baba ya ɗaga hannunsa na dama ya juya shi a hasken majigin, ya kai shi a hankali bayan kunne, ya tsaya a nan. Wurin ya yi tsit. Da ya yi magana muryarsa ta sauka, kamar ba da mu yake ba.

"Haka tsohona shika yi. Allah ya jiƙan shi."

Aka amsa da amin. Ya gyara zama, ya matso gaban tabarma kusa da zanin, ya ce, "Maido shi baya in gani."

Na maido. Hannun ya ɗaga, ya fita, ya dawo. Ya ce in sake.